Ƙwarya, Gero da Igiya: Yadda Za Ka Shimfiɗa Rana da Duniyoyinta a Kan Burtali

Tun ranar da abokan aiki suka ga hotunan 'yan ajina a kan burtalin bayan makaranta, kowa tsaye gaban turkensa, tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya ce in turo masa lissafin, wancan ya ce igiyar mita nawa ce, wata malama daga wajen Gumel kuwa cewa ta yi a faɗa mata abin da aikin zai ci kafin ta tunkari hedimasta. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, yadda nake yin sa a ƙauyen da nake koyarwa a ƙasar Ringim.

Abin da ya tura ni ga wannan aiki shi ne zanen da ke cikin littafin kimiyya: rana a gefe guda, duniyoyi takwas a jere kusa da juna kamar an kasa tumatir a faifai. Yaro zai haddace sunayen tsaf, amma hoton da ya zauna masa a kai ba shi ne gaskiyar lamarin ba. Ba laifin mai zanen ba ne, takarda ce ba za ta ɗauka ba. Mu kuwa a karkara Allah ya ba mu abin da makarantun birni ke nema ruwa a jallo, wato fili.

1. Tsayar da ma'auni ɗaya tak

Mita ɗaya a ƙasa tana matsayin kilomita miliyan 5 a sama. Da wannan ma'auni za ka rage girman kowace duniya, da shi kuma za ka rage nisanta daga rana. Lissafin ba wuya: nisa a miliyoyin kilomita ka raba da 5, ka samu mita. Faɗin duniya a kilomita ka raba da 5,000, ka samu milimita.

Na zaɓi wannan ma'auni ne saboda abin da ya fitar. Faɗin rana kusan kilomita 1,392,000 ne, sai ya koma santimita 28, faɗin matsakaiciyar ƙwarya. Faɗin duniyarmu kilomita 12,756 ne, sai ya koma milimita biyu da rabi, ƙwayar gero ɗaya. Tsakaninsu kilomita miliyan 150, wato mita 30.

Ga sauran, da sunayen da malamanmu na zaure suka sani daga Larabci da kuma waɗanda ake ji a rediyo:

Uɗaridu, wato Makuri: faɗi milimita 1, nisa daga ƙwarya mita 12.
Zuhura, wato Binus, wadda muke kira Zara: milimita 2.4, mita 22.
Duniyarmu: milimita 2.6, mita 30.
Mirrihu, wato Mas: milimita 1.4, mita 46.
Mushtari, wato Jufita: milimita 29, mita 156.
Zuhalu, wato Satun: milimita 24, mita 286.
Yuranus: milimita 10, mita 574.
Neftun: milimita 10, mita 900.

Gargaɗi: zuciyarka za ta raya maka ka sa lemo ko ƙwallo a madadin ƙwayar gero don yara su fi gani. Kada ka yi. Da zarar ka ƙara girman duniya ba ka ƙara nisa ba, ka koma zanen littafin da kake son gyarawa. Ƙanƙantar ita ce darasin.

2. Haɗa kaya, ka san inda kuɗi za su fita

Abu huɗu ne na saye: farin kwali guda uku, maka biyu baƙa da ja, salatif mai faɗi wanda ake ganin abu ta cikinsa, sai igiya mai tsawon mita 30. Igiyar ce mai tsada a cikinsu, in ka samu aronta wurin mai rijiya ko magini ka rage babban kaso na kuɗin. Kwali da maka kuwa ka jira ranar kasuwa ko ranar da za ka shiga gari, kada ka biya kuɗin mota don su kaɗai.

Sauran duk na gida ne: ƙwarya, gero tafin hannu ɗaya, irin alayyafo, gurjiya, yumɓu, farar ƙasa, turaku tara masu tsawon da zai kai ƙugun yaro, guduma ko dutse, tsummokara masu launi, rula, da tef ɗin awo. Tef ɗin magina ya fi, amma na tela ma zai yi, sai dai a yi ta maimaitawa.

Ƙwarya ka tafi da rula ka auna bakinta da kanka. In ta yi 27 ko 29 ba komai. In ta kai ƙwaryar dama furar gidan biki, ajiye ta ka nemi wata.

3. Tantance ƙwayoyi, ka yi katuna

Wannan aikin 'yan aji ne, kuma darasi guda yake ci. Ƙwayar gero ɗaya ba ta aunuwa da rula, don haka a jera goma a manne da juna a gefen rular. In sun ba da santimita biyu da rabi, geron ya yi. In sun wuce uku, a tsinci ƙanana. Biyu ake bukata, ɗaya duniyarmu ɗaya Zuhura, don kusan girmansu ɗaya.

Uɗaridu ƙwayar irin alayyafo ce. Mirrihu a tsinci mafi girma a cikin irin alayyafon, ko tsakuwar yashi da ba ta wuce rabin gero da yawa ba. Yuranus da Neftun gurjiya mai faɗin santimita ɗaya. Mushtari da Zuhalu kuwa a mulmula yumɓu, a ɗan ɗara ma'aunin kaɗan saboda yana tsukewa in ya bushe, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Zoben Zuhalu a yanko shi daga kwali, faɗinsa na waje santimita biyar da rabi.

Kada a manta wata. A katin duniyarmu, a auna santimita 7.7 daga ƙwayar geron, a ɗiga baki da bakin biro. Faɗin wata kilomita 3,474 ne, nisansa kimanin 384,400, a ma'auninmu ɗigon bai kai milimita ɗaya ba. Nan ne iyakar inda ƙafar ɗan Adam ta taɓa takawa, tun daga 1969 zuwa 1972, kuma tafin hannun yaro zai rufe tafiyar gaba ɗaya.

Kowane kati ya ɗauki abu huɗu kawai: suna, ainihin faɗi, ainihin nisa, da tsawon shekararta. Uɗaridu kwana 88 take zagaye rana, Zuhura 225, Mirrihu 687, Mushtari kusan shekara 12, Zuhalu shekara 29 da rabi, Yuranus 84, Neftun 165. A rubuta sunan Turanci yadda yake a littafi a ƙasan na Hausa, saboda jarabawa. Bayan wannan kada a cika katin da rubutu, a bar farin fili kewaye da ƙwayar, a zana jan da'ira a kewaye ta don ido ya same ta.

Gargaɗi: a rufe kowace ƙwaya da salatif ruf, ba gam kaɗai ba. Karon farko da gam na manna, muka kafa turaku da yamma don mu samu sauƙi, kafin safiya tururuwa da kajin maƙwabta sun kwashe gero da alayyafon, sai da muka sake. Katuna a ɗaura su ranar da za a yi tafiyar.

4. Shirya igiya

Igiyar nan ita ce rular aikin, kuma tsawonta daidai da nisan da ke tsakanin rana da duniyarmu. Masana ma da wannan nisan suke auna tazarar duniyoyi, ka ga yara sun koyi ma'aunin ba tare da an wahalar da su ba. A miƙe ta a ƙasa, a ɗaura tsumma a kowace mita, a sa ja a kowace mita biyar.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a ƙulla igiyar kanta don yin alama, kowane ƙulli yana cin tsawo, talatin kuwa za su cinye abin da zai ɓata lissafi. Sannan igiyar roba tana miƙewa in yara biyu suka ja da ƙarfi. Ta rama ta fi tsayawa yadda take. In ta roba ce a hannunka, ka ce a miƙe ta kawai, ba a yi ja-in-ja ba.

5. Nemi wuri da lokaci

Ana son hanya miƙaƙƙiya mai kusan kilomita ɗaya, wadda in ka tsaya a ƙarshenta za ka hango farkonta. Burtali, hanyar amalanke, ko gefen gonaki bayan an kwashe amfani. Ka guji bakin kwalta da hanyar da 'yan acaɓa ke gudu.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, an yanke kara ido yana kaiwa nesa, kafin hazo ya yi kauri. Da damina gero ya rufe ko'ina, da bazara kuwa rana ba za ta bar yara su yi tafiyar cikin natsuwa ba. A fita da sassafe. A ajiye ƙwarya a yamma a nufi gabas, don in an waiwayo hasken safiya yana dukan ƙwaryar, ba idon yara ba.

Kafin ka kafa turke ko ɗaya, ka je ka gaida mai unguwa ko dagaci ka yi masa bayani, ka kuma sanar da masu gonakin da ke gefen hanyar. Duk wanda ya wayi gari ya ga baƙo na jan igiya yana kafa turaku kusa da gonarsa, awon fili zai fara kawowa a ransa, kuma yana da gaskiya. Gaisuwar minti goma ta raba ka da wannan.

6. Awo da kafa turaku

Ana gobe za a yi tafiyar, ka ɗauki yara shida. Ƙwaryar a shafa wa bayanta farar ƙasa, a ɗaura ta a kan sanda daidai tsayin ƙirji, bayanta na kallon hanya. Daga gindin sandar ake fara awo.

Igiyar farko ta ɗauke uku: mita 12, mita 22, sai ƙarshenta. Mirrihu igiya ɗaya da mita 16. Mushtari igiya biyar da mita 6. Zuhalu igiya tara da mita 16. Yuranus igiya goma sha tara da mita 4. Neftun igiya talatin cif.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɓatan ƙirga, musamman tsakanin Zuhalu da Neftun inda ba abin da ake yi sai ja da ajiyewa. Ba wa yaro ɗaya tsakuwa talatin a aljihun dama, duk igiyar da aka kammala ya mayar da ɗaya aljihun hagu. Wannan kaɗai ne aikinsa, kada a sa shi wani. Kuskure na biyu, kowane awo daga ƙwarya ake lissafa shi, ba daga duniyar da aka baro ba. Na ga wanda ya auna mita 156 daga Mirrihu, komai na gaba ya goce.

Tsakanin Mirrihu da Mushtari akwai yankin duwatsu masu zagaye rana. Kada a zuba tsakuwa a wurin kamar yadda ake zana shi cunkus. Mafi girmansu faɗinsa bai kai kilomita dubu ɗaya ba, a ma'auninmu ƙura ce. Tsumma a kan kara ya isa alama.

7. Ranar tafiya

Kowa ya sa takalmi saboda ƙarangiya da ƙaya, a ɗauki jarkar ruwa, a bar yara biyu wurin ƙwarya da farin ƙyalle a kan gora.

Duniyoyi huɗun farko kafin a yi nisa an wuce su, yara na ta dariya suna cewa ashe abin kusa ne. A turken duniyarmu ka tsayar da su, a nan za ka daɗe. Kowa ya juya ya kalli ƙwarya, ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗora kan ƙaramin yatsa a kanta. Za ta ɓace. Girman da ƙwaryar ta yi a idonsu daga nan, shi ne girman da rana take yi a sama. Ka ce su gwada da wata daren sha huɗu, za su ga yatsan ya rufe shi haka nan. Dalili kuwa, rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa wata ke iya rufe ta ruf a yi husufi, irin wanda aka gani a Najeriya ranar 29 ga Maris, 2006.

Gargaɗi mai ƙarfi: da wata za a gwada, ba da rana ba. Ka faɗa ka maimaita. Kallon rana kai tsaye yana ƙona ido, kuma ba a jin zafin a lokacin.

Sai gudun haske. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a ma'auninmu santimita 6 ke nan. Shimfiɗa igiya daga ƙwarya zuwa gero, yaro ɗaya ya zama haske, wani ya riƙe waya yana kira duk bayan daƙiƙa 17, shi kuma ya matsa tsumma ɗaya gaba. Minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi zai yi kafin ya iso. Za su ƙosa, su ce ya yi sauri. Ka bar su su ƙosa, sannan ka faɗa musu cewa babu abin da ya fi wannan gudu, kuma da haka zai ci gaba sai ya yi awa huɗu da 'yan mintoci kafin ya kai Neftun.

Daga Mushtari surutu ke fara raguwa. Tsakanin Zuhalu da Yuranus kusan mita 300 ne ba komai sai kara da kashin shanu. Kada ka cike wurin da bayani, bar su su taka. Wannan fankon da suke ratsawa shi ne abin da littafi ya kasa nunawa.

Bara muna tsaye a turken ƙarshe wani dattijo ya iso kan jakinsa, ya ja ya tsaya.

"Malam, lafiya kuka kwaso yara har nan?"

Kafin in buɗe baki wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, ka hango farin ƙyallen can? Akwai ƙwarya a gindinsa, ita ce rana."

Ya kare ido da hannu ya daɗe yana dubawa. "To, 'yata, mu muna ina?"

"Mun baro mu tun can, Baba. Ƙwayar gero ce."

Sai da ya sa aka ciro masa katin Neftun ya jujjuya gurjiyar, ya ce ikon Allah, sannan ya kaɗa jakinsa.

A nan ne za ka ba su manyan alƙaluma, don yanzu suna da inda za su ajiye su. A 1846 aka gano Neftun, sai a 2011 ta cika zagaye ɗaya tun ganowar. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya haura kilomita biliyan 24, a kan burtalinmu kusan kilomita 5 daga ƙwarya. Tauraro mafi kusa da rana kuwa haskensa na yin sama da shekara huɗu kafin ya iso mu, a ma'auninmu kimanin kilomita 8,000 ke nan. Ka tashi daga Kano ka je Makka ka dawo, ba ka kai ba.

Abu biyu ka gyara musu kafin a juyo. Duniyoyin ba a layi ɗaya suke ba, mu ne muka jera su don sauƙin awo, kowace tana nata zagayen. In wani ya tambayi Fuluto, ka ce a 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta mayar da ita rukunin ƙananan duniyoyi, shi ya sa tsofaffin littattafai ke cewa tara.

8. Mayar da shi bangon aji

Zane biyu za a yi, kada a haɗa su. Na farko nisa kaɗai: a ja layi mai tsawon mita huɗu da rabi a bango, santimita ɗaya a matsayin kilomita miliyan 10. Uɗaridu a santimita 6, Zuhura 11, duniyarmu 15, Mirrihu 23, Mushtari 78, Zuhalu 143, Yuranus 287, Neftun 450. Ɗigo kawai za a sa, a rubuta a ƙasa cewa wannan zanen nisa yake nunawa, ba girma ba.

Na biyu girma kaɗai: in duniyarmu da'ira ce mai faɗin santimita 1, Mushtari 11 ce, Zuhalu 9 da rabi, Yuranus da Neftun kusan 4, Mirrihu rabin santimita. Rana santimita 109, ba za ta shiga kwali ba, sai a zana ta a bangon da alli, da ƙusa da zare mai tsawon santimita 54 da rabi. Shi ma a rubuta ma'auninsa a ƙasa. Zanen da ba a rubuta ma'auninsa ba kada ya hau bango.

9. Hotunan da za ka nuna musu a waya

Bayan tafiyar za su nemi ganin ainihin hotuna. Ka sauke su tun kana gari inda sabis ke da ƙarfi, kuma kowanne ka faɗa musu irinsa. Akwai wanda aka ɗauka da hasken da ido ke gani, kamar yawancin hotunan wata. Akwai wanda aka ɗauka da hasken da ido ba ya gani sannan aka sa masa launi, kamar na madubin hangen nesa na James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, ko hoton da aka fitar a 2019 na baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya hana ko haske fita, wanda ruwan lemon da ke jikinsa masana ne suka zaɓa don nuna inda siginar ta fi ƙarfi. Ba ƙarya ba ne, kamar taswira ce da aka shafa wa kowace jiha launinta. Sai na uku, zanen ƙiyasi. Duk hoton da ya nuna gungun taurarin da muke ciki daga waje zane ne, don babu na'urar da ta taɓa fita daga cikinsa ta juyo ta ɗauka.

Turaku a cire su a ranar, kada su tuntuɓe dabba ko amalanke. Katunan a zuba su a gwangwani mai murfi saboda gara da ɓera, igiyar a naɗe ta da tsummokaranta a rataye. Baɗi gero da gurjiya kawai za ka sake. In kuma Zara na fitowa a yamma a watan da kuka yi aikin, ka ce kowa ya neme ta bayan magariba, washegari ya zo ya nuna maka katinta a cikin gwangwanin.